Ajiye sifanar nan, kawo mini kwalba

Kai yaro, ka ce motar Starlet ɗin da aka kawo jiya tana tashi lafiya, amma da an bar ta a ralanti, wato injin na aiki ba a taka totur ba, sai ta kama kakkarwa ta mutu, in an taka kuma ta riƙa shaƙewa. Har ka ɗauki sifana za ka kwance karburato. Wa ya aike ka?

Batun batir da bugi, wato filogi, ba zan ɓata bakina ba. Aparantin da ya shekara biyu a garajina bai san wannan ba gara ya koma tallan goro.

Tun kafin a buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, lokacin da kusan duk Maraɗi man kwalba muke sha wanda ake shigowa da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, wani Alhaji ya kawo mini Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya, da yake lodin gyaɗa da ita daga Tasawa. Irin ciwon nan sak. Na tambaye shi ina ya sha mai, ya rantse mini a gidan mai ne. Na yarda, don na ga furfura. Na canza bugi huɗu, na canza bobin, na wanke karburato sau biyu, na sayo sabon famfon mai da kuɗin aljihuna. Jika 45, kuɗin ragon sunan 'yata! Kwana uku ina kwance ƙarƙashin mota cikin zafin bazara. Ran na huɗu haushi ya sa na sauke tanki na juye cikin roba: ruwa ne kwance a ƙasa, ja da tsatsa. Ashe ya san jarkar da ya ɗura, kunyar faɗa yake ji. Da na miƙa masa lissafi sai ya ce ai ciwon na tanki ne, shi bai ce in sayi komi ba. Ya ajiye jika 5 a kan benci, ya ja motarsa. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a shi ke fara kau da kai.

To, zare tiyon da ke shiga karburato, ka tari man a farar kwalba, ka bar shi ya natsu. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a gindi ka gan shi da idonka. Ka ɗiga kaɗan a takarda: mai tsantsa bushewa yake nan take, in an haɗa da kananzir zai bar tabon maiƙo. In man ya fita tsaf, sannan ka bi tiyoyin iska, rana tana tsattsage su, injin ya riƙa zuƙar iskar da ba a ba shi ba. Kasa kunne, za ka ji tana huci.

Amma ku yaran yanzu kunnenku na cikin waya, jira kuke na'ura ta faɗa muku. Wannan motar ba ta da ramin da za ka soka na'ura. Kwalbar tana bayan drom, ka wanke ta tukuna, ta bushe.