Amsa: Kada layinka ya mutu kana Saudiyya

Ɗan'uwa, ka ce daga Ɓaɓura kake tafiya Saudiyya neman kuɗi ka yi wata takwas ko fiye, kana tambayar yadda za ka dawo ka tarar da layinka na gida da rai. Amsar ita ce kada ka bar shi kwance a ƙasan akwati. Ka'idar NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa a Najeriya, ita ce layin da ya yi wata 6 ba a yi komai na kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, in ya ƙara wasu 6 kamfani na iya ba wani lambar. Saboda haka ka bar wa ƙaninka shi a 'yar ƙaramar waya, duk wata ya sa katin naira 100 ya yi kira ko da na minti ɗaya ne. Ka kuma tabbata an haɗa shi da NIN ɗinka kafin ka tashi.

Sai dai fa ka duba wanda za ka bar wa, musamman in layin ne ke kan asusunka na banki. Ni abin ya taɓa ci na. Na bar wa wani yaron gidanmu nawa, ashe ya cire shi ya sa nasa, ya cusa nawa cikin kwalin ashana a saman taga. Da na dawo bayan shekara guda da 'yan watanni na kira lambar, wata mata ce ta ɗauka daga Fatakwal, ko Hausa ba ta ji. Sai da na yi sawu uku zuwa banki a Kazaure kafin aka sauya mini lambar da alat ke shiga.