An sayi kamfaninmu, in zauna ko in kama gabana?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a nan Kano, ba mu da yawa, kowa ya san kowa, sai ga shi wani babban kamfani na Legas ya saye mu, an turo sabon kwantiragi wai mu sa hannu cikin sati biyu. Albashi ya ɗan ƙaru amma wallahi hankalina bai kwanta ba. Me kake gani? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Kar ƙarin albashin nan ya ɗauke maka hankali, zauna ka karanta takardar tukuna, in da hali ka ba lauya ya duba, sati biyu ya isa.

Abin da za ka fara nema shi ne maganar hannun jari da bonas ɗin da ake ba mutum don ya zauna. Yawanci ba a damƙa maka shi gaba ɗaya, ana sakinsa ne kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu, sau da yawa ma sai ka cika shekara guda kafin ka ga ko sisi, in ka tafi kafin lokaci sauran ya bi ruwa. Ko manya abin ya taɓa su. Facebook ta sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya fice a 2017 ya bar hannun jari na ɗaruruwan miliyoyin dala da lokacinsa bai yi ba. Shi ya riga ya ƙoshi, kai fa? To ka tambaya baro-baro, in su ne suka sallame ka, kuɗin nan naka ne ko a'a, kuma a rubuta.

Sai ka duba ko an hana ka ɗan aikin gefe da kake yi da dare, wasu kwantiragin ma cewa suke duk kod ɗin da ka rubuta, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, nasu ne. Fansho kam ba matsala, asusunka yana bin ka, kai kana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinka, su kashi 10.

Sannan ka bincika waye sabon oganka, kuma me za a yi da manhajar taku. Lokacin da Stripe ta Amurka ta sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 an bar shi da sunansa da shugabanninsa, amma wani cinikin ma'aikata kawai ake so, bayan 'yan watanni a rufe manhajar a rarraba ku. Mitin zai yi yawa, abin da da kake gyarawa kafin la'asar yanzu sai mutum uku sun sa hannu, wannan sai haƙuri. Ni dai in takardar ba tarko, ka zauna ko shekara ɗaya ce ka ga kamun ludayinsu, amma CV ɗinka ya zama a shirye.