Korar ma'aikaci saboda luwaɗi a Amurka

Malam, ka ce an sallami abokin aikinka a Amurka don an gano ɗan luwaɗi ne, kana tambaya ko doka ta yarda. Ba ta yarda ba. A watan Yunin 2020, a shari'ar Bostock, alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce irin wannan kora wariyar jinsi ce, wadda dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta. Dokar ta hau kan ma'aikata mai mutum 15 ko fiye.

Kada ya yi sanya, abincinsa aka taɓa. Ya adana takardar sallamar da duk saƙonnin maigidansa, ya kai ƙara hukumar EEOC, mai sauraron ƙorafin wariya a wurin aiki, cikin kwana 180. Wasu jihohin suna ba da 300.