Sun ƙi sunan da na sa wa siffar USB a Device Tree, ina laifina?

Tambaya: Malam, ina aiki kan direban EHCI (manhajar da ke tafiyar da na'urar sarrafa USB) na wani allon kwamfuta mai guntun (chip) ARM. Allon yana ta ba da rahoton ƙarya cewa wuta ta yi yawa a tashar USB, sai na ƙara siffa (property) mai suna "enable_oc_fix" a Device Tree, wato fayil ɗin da ke bayyana na'urorin da ke kan allon, domin direba ya yi biris da rahoton. Masu duba gyare-gyaren da ake tura wa Linux sun maido min da ita, ga allunan sun kusa fita kasuwa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinka, gyaran ba shi da yawa. Amma kada ka bari allo ko ɗaya ya fita da sunan nan.

Ƙa'idar rubutun a taƙaice: ƙananan haruffa, karan ɗori (-) maimakon layin ƙasa (_), kada ya wuce haruffa 31. Siffar da ta keɓanta da kamfani ɗaya, sunansa da waƙafi ne a gaba, kamar "snps," na kamfanin Synopsys. Kada ka kafa min hujja da siffar "dr_mode" mai layin ƙasa, tsohon kuskure ne da ya riga ya bazu.

Babban laifinka yana cikin "enable" da "fix". Kullum sai na ga masu ɗaukar Device Tree a matsayin wurin saita direba, kuma masu koyarwar jeka-na-yi-ka ne ke yaɗa wannan. Device Tree bayanin na'ura (hardware) ne, abin da ke kan allo. Ba Linux kaɗai ke karanta shi ba: U-Boot, manhajar da ke tayar da allo, yana karanta shi, FreeBSD, wani tsarin aiki daban, ma haka, ina ruwansu da dabarar direbanka? Dubi "big-endian-regs" ko "has-transaction-translator": halin na'urar suke faɗa, ba umarni suke bayarwa ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu cewa a sa kawai, a canza daga baya. Babu wani daga baya! Da zarar an ƙona DTB, wato Device Tree da aka harhaɗa, cikin allunan mutane, sunan ya zama alkawari, dole direba ya ci gaba da gane shi shekara da shekaru, in ba haka ba wani ya sabunta kernel, wato zuciyar Linux, ya tarar da USB ɗinsa a mace.

In matsalar tana cikin guntun kansa, ba ka ma buƙatar siffa: ba shi "compatible" nasa, wato sunan da direba ke gane na'ura da shi, direba ya gano daga nan. In kuma wayoyin allon ne, buɗe generic-ehci.yaml, fayil ɗin Linux mai jerin siffofin EHCI, akwai "spurious-oc" tuni domin irin wannan rahoton ƙarya, shi za ka sa. Sannan ka gwada da "make dtbs_check" kafin ka sake turawa.