Tambaya da Amsa: Dokar Babban Banki ta 1958 da Yadda Aka Soke Ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin shari'a ne. Malaminmu ya ce an daɗe da soke dokar da ta kafa Babban Bankin Nijeriya. To da wace doka bankin yake aiki yanzu, kuma me ya kawo sokewar?
Daga wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminku ya faɗi gaskiya, kuma sau biyu aka yi sokewar.

Kafin a kafa bankin, hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma wadda Turawa suka kafa a 1912 ce ke fitar da kuɗin Nijeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Musanya kawai take yi da fam ɗin Ingila, ba ta ƙayyade kuɗin ruwa, ba ta sa ido kan bankuna. Rahoton J. L. Fisher, jami'in Bankin Ingila, na 1953 ya ce lokacin kafa babban banki bai yi ba. Na J. B. Loynes, shi ma na Bankin Ingila, na 1957 ne ya share hanya, aka yi dokar 1958, bankin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959 a ƙarƙashin Roy Fenton. Alhaji Aliyu Mai-Bornu ya gaje shi a 1963, shi ne ɗan ƙasa na farko a kujerar gwamnan bankin.

Dokar ta sha kwaskwarima har ta zama kamar rigar da faci ya fi yadinta yawa. An rubuta ta lokacin fam da sule, ga naira ta shigo a Janairun 1973, ga bankuna sun yawaita bayan sassaucin tattalin arziki na 1986. A 1991 gwamnatin Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 24 wadda ta soke ta 1958, da mai lamba 25 wadda ta maye gurbin dokar bankuna ta 1969. Gyaran 1997 ya mayar da bankin ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, gyaran 1998 ya fitar da shi. A 2007 Majalisar Tarayya ta soke dokar 1991 da duk gyare-gyarenta. Dokar 2007 ita ce mai aiki.

In ka jera su za ka ga rigimar ɗaya ce: wa ke riƙe da akalar bankin? Dokar 2007 ta kira shi hukuma mai cin gashin kanta, ta sa jarinsa naira biliyan 100. Shugaban ƙasa ke naɗa gwamna da mataimaka huɗu da amincewar Majalisar Dattawa, wa'adi shekara biyar, ana sabuntawa sau ɗaya. Tsige gwamna kuwa sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa. Ta kuma kafa kwamitin manufofin kuɗi mai mutum 12.

Tambaya: In an soke doka, lasisi da umarni da basussukan da aka yi a ƙarƙashinta sun faɗi ke nan? Ina aiki a ƙaramin banki, tsofaffin takardunmu duk dokar 1991 suke ambata.
Daga wata ma'aikaciyar banki, Kano

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba su faɗi ba. Sashe na 6 na dokar fassara dokoki ya tanadi cewa soke doka ba ya shafe abin da aka riga aka yi da ita, ko haƙƙin da wani ya samu, ko bashi da hukuncin da suka hau kan wani, kuma ba ya farfaɗo da wadda aka soke tun farko. Abin yi uku ne. Ki duba ranar da aka yi abin, don dokar wannan rana ce ke hukunta shi. Ki karanta sashen sokewa da kiyaye haƙƙoƙi da ke ƙarshen sabuwar dokar. Sai ki nemi lambar sashen da ya yi daidai da tsohon, domin lambobi kan sauya, kuma nan ne ma'aikata suka fi yin tuntuɓe. Ki lura, lasisin banki yana ƙarƙashin dokar bankuna ne, ita ma ta 1991 an soke ta da sabuwa a 2020.

Tambaya: Tun da dokar 2007 ta ba bankin 'yanci, yaya aka yi gwamnati ta ci bashin tiriliyoyi a wurinsa?
Daga wani ɗan kasuwa, Gombe

Amsa: Alhaji, ka taɓo inda ke mana ciwo. Sashe na 38, kamar yadda ya fito a 2007, ya yarda bankin ya ranta wa Gwamnatin Tarayya in kuɗin shiga ya yi jinkiri, da sharaɗi biyu: kada rancen ya wuce kashi 5 cikin 100 na ainihin kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekarar kasafi ta ƙare. In ba a biya ba, babu sabon rance. Duk da haka bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango a Mayun 2023.

Illarsa a fili take. Irin wannan rance sabon kuɗi ne ke shiga kasuwa ba tare da kaya sun ƙaru ba, sai farashi ya hau, naira ta faɗi. A ganinmu raunin dokar shi ne ta sa iyaka amma ba ta ɗora wa wanda ya ƙetare ta hukunci mai tsoratarwa ba. Akwai wani giɓin kuma: ta yi bayanin tsige gwamna, ta yi shiru kan dakatar da shi, abin da ya jawo taƙaddama a Fabrairun 2014 lokacin da Shugaba Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi. Duk gyaran da majalisa za ta yi, waɗannan wurare biyu ya kamata ta fara dubawa.