Gwiwar hannun ɗana ta ƙage bayan ɗori, wace jijiya ce wannan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, amma wannan ya fi ƙarfin sanina. Yau kwana 19 ke nan da ɗana mai shekara 6 ya faɗo daga katanga, ya dafa ƙasa da tafin hannun hagu, nan take gwiwar hannun ta kumbura. Ina wurin aiki kakarsa ta kai shi gidan mai ɗori. Ya ce gocewa ce, ya ja, ya ɗaure da kara, aka kwance bayan kwana 12. Yanzu hannun ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasuwa har ya kai baki, kuma a idona kamar ya karkace ciki. Mai ɗorin ya ce jijiya ce ta ƙage, a riƙa kai shi bayan kwana bibbiyu yana murzawa da man zafi yana ja, a gida kuma ya riƙa ɗaukar bokitin yashi. Duk ranar zuwa yaron kuka yake tun safe. Surukata ta kafe, domin bara an fizgi ƙanwarsa 'yar shekara 2 a hannu, mutumin nan ya murɗa sau ɗaya ta warke a take. Wace jijiya ce ta ƙage? Za ta saki? Wallahi ba na iya barci.

AMSA

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba shi lafiya. Daga yau a daina kai shi murza, a ajiye bokitin nan, gobe a yi wa gwiwar hoto ta gaba da ta gefe, likitan ƙashi ya duba hoton ya kuma duba yaron. Ban taɓa hannun da hannuna ba, amma yaro ɗan shekara 6 da ya faɗo a kan tafin hannu, gwiwa ta kumbura a take, mu karaya muke ɗaukarsa har sai hoto ya ƙaryata mu.

Tunda ke ta gida ce ba sai na koma aji da ke ba. Kin san ƙashi uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: ƙashin damtse daga sama, da biyu na sangalin hannu, wato alna na ɓangaren ƙaramin yatsa da radiyos na ɓangaren babban yatsa. Igiyoyi biyu masu ƙarfi ke riƙe da su ta gefen ciki da gefen waje, sai ta uku mai kamar zobe da ta zagaye kan radiyos ta manne shi da alna, a cikinta yake juyawa idan mutum ya ɗaga tafi don addu'a ko ya kife shi. Abin da ake mantawa shi ne, a jikin yaro waɗannan igiyoyi sun fi ƙashin da suke riƙe da shi ƙarfi. Ƙarshen ƙashin damtse a wannan shekarun rabi guringuntsi ne, kuma dab da saman gwiwar akwai wani wuri da ƙashin ya yi siriri ƙwarai, inda ƙoƙon alna ke shiga idan an miƙe hannu. Da yaro ya dafa ƙasa da ƙarfi, sai igiyoyin su riƙe, alna ya daki siririn wurin, ƙashin ya ɓalle. Ita ce karayar gwiwa da ta fi kowace yawa a yara, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7. Gocewar gwiwa ta gaskiya abin matasa ne da manya, da wuya a gan ta a ɗan shekara 6. Daga waje kuwa kamanninsu ɗaya, sai an taɓa tsinin ƙashi uku na bayan gwiwa ko an ga hoto.

Batun ƙanwarsa kuma, surukarki ba ƙarya ta yi ba, ta ga abin da ta gani. A yaro ɗan shekara 1 zuwa 4, igiyar zoben nan sako-sako ce. In an fizge shi a hannu, kan radiyos sai ya ɗan zame, gefen zoben ya maƙale a tsakanin gaɓar. Babu faɗuwa, babu kumburi, yaro dai ya saki hannu ya ƙi amfani da shi. Juyi ɗaya ake yi, a ji ƙas, bayan 'yan mintuna yana karɓar biskit da hannun. Wani lokaci ma a ɗakin hoto yake komawa, yayin da ake juya hannun don a ɗauka. Da irin wannan mai ɗori ke yin suna a unguwa, sai a ɗauko masa karaya ya yi mata irin abin da ya yi wa waccan. Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa ciwon jikokin nata biyu wuri ɗaya suka faɗa, amma ba dangi ba ne.

To yanzu maganar da ke ƙona mini rai, wato "jijiya ce ta ƙage". Kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya. Kalmar jijiya a bakinmu buhu ce, komai zubawa ake yi. Igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi jijiya, agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, hanyar jini jijiya, farar wayar da ke kai saƙon ji da motsi ita ma jijiya. Abubuwa huɗu, aikinsu daban, ciwonsu daban, warkewarsu daban. Wanda ya ce miki jijiya ce, ki tambaye shi wacce, za ki ga ido ya raina fata. Kuma a cikin huɗun nan babu ko ɗaya da murza da ja ke gyarawa. Ban san wa ya koya wa mutane cewa jijiya na "hawa kan" wata ko tana "naɗewa" kamar zaren saƙa ba, har sai an sa babban yatsa an warware ta. Mun buɗe gwiwoyi da yawa a ɗakin tiyata, ban taɓa tarar da jijiyar da ta hau kan 'yar'uwarta tana jiran mai man zafi ba.

Abin da ke hana hannun ɗanki motsi ɗaya ne daga cikin uku. Ko dai jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ta yi tauri saboda kumburi da ɗauri, wanda a yara yakan saki da kansa a hankali cikin makonni ko watanni, ta hanyar wasa da cin abinci da sa riga. Ko kuma ƙashin ya kama a karkace, wani tsini ya tokare gaban gwiwar, to nan ko shekara za a yi ana ja ƙashi ba ya miƙewa da ja. Na ukun shi ne wanda murzar kanta ke haifarwa. A gaban gwiwa akwai tsoka kwance a kan ƙashin. Duk ranar da aka danne yaro aka ja da ƙarfi, tsokar na yagewa ta yi jini a ciki, jikin kuma yana iya mayar da wannan gudan jinin ƙashi. Sai ki taɓa ki ji dunƙule mai tauri a inda ya kamata ki ji nama. Gwiwar hannu ta yi ƙaurin suna wajen wannan fiye da yawancin gaɓoɓi. Ana ja don ta saki, ita kuwa tana ƙara kullewa, sai a ce ai jan ne bai isa ba, a ƙaro ƙarti biyu su riƙe yaron. Bokitin yashi ma haka yake: tsoka ta ji nauyi da zafi sai ta ɗaure don kare kanta. Abin kunyar shi ne wannan shawarar bokitin ba a gidan ɗori kaɗai ake ba da ita ba, na sha jin ta daga bakin masu farar riga. Kukan da yaron ke yi tun safe ya fi su duka sanin abin da ke faruwa a hannunsa.

Karkacewar da kika lura da ita ba za a tantance ta sosai ba sai hannun ya miƙe. In ta tabbata, kada wani ya ce miki zai miƙe da girma. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse daga wajen kafaɗa yake fitowa, ɓangaren gwiwa kashi 20 kacal, don haka ba shi da ƙarfin gyara kansa, musamman karkata ta gefe. Ana gyara ta da tiyata daga baya, idan ƙashin ya yi ƙwari kuma motsi ya dawo, ba abin gaggawa ba ne. Gaggawar hoton saboda wasu biyu ce da ke ɓuya. Akwai ɓallewar ƙullin ƙashi na gefen waje, wanda sau da yawa ba ya kamawa in ba a kafe shi ba, bayan shekaru hannun ya karkace waje har ƙaramin yatsa ya fara mutuwa. Akwai kuma karayar alna tare da fitar kan radiyos daga zobensa. Su biyun nan kowane mako da ya wuce yana ƙara wahalar gyaransu. Kuma kada ki yarda da "hoto bai nuna komai ba" daga bakin wanda bai saba da hoton yara ba. Guringuntsi ba ya fitowa a hoto, cibiyoyin ƙashi shida na gwiwa kuwa, wato wuraren da guringuntsin ke fara zama ƙashi, ɗaya bayan ɗaya suke bayyana, kusan a shekara 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Wanda bai san wannan ba zai kira lafiyayyen ƙashi karaya, ya kira karaya lafiya.

Ku gode wa Allah da ya fita daga ɗaurin karan nan da yatsunsa. Babbar hanyar jinin hannu ta gaban siririn wurin nan na saman gwiwa take bi. Kumburi daga ciki, kara da tsumma daga waje, tsokar sangali ta rasa jini, cikin awa 6 zuwa 8 ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani ke mayar da hannu ƙanƙamamme, yatsu a ƙudundune, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Shekara fiye da 140, mu kuwa har gobe ana kawo mana shi. Sannan a koma gari ana yaɗa cewa asibiti yanke hannu suke yi. Hannun da ya iso mana baƙi ƙirin yana wari, ɗauri ne ya kashe shi tun a gida, mu kawai raba shi muke da mai rai don kada ya tafi da yaron. Sai a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi. Gadon kaka da tofi ba sa nuna wa mutum inda hanyar jini ta bi. Ban wanke namu gidan ba: layin kati, "dawo gobe", injin hoto babu wuta, kuɗi a hannu kafin a taɓa yaro, su ke kora iyaye wurin wanda zai karɓe su da fara'a ya ce a kawo abin da ya sawwaƙa. Wannan laifinmu ne, kuma ina faɗarsa a duk taron da aka ba ni dama.

Yau da daddare ki gwada shi da kanki, kamar wasa. Ya haɗa kan babban yatsa da manuniya su yi zagaye sosai. Ya ɗaga babban yatsa sama tare da ɗaga wuyan hannu. Ya ware yatsunsa ya haɗe su. Waɗannan ukun na gwada wayoyin saƙo uku da suka ratsa gwiwar. In ɗaya ta gaza kada hankalinki ya tashi, yawanci buguwa ce kuma takan farfaɗo cikin 'yan watanni, amma likita ya sani. Sai ki ɗaga wuyan hannun baya ki miƙe yatsun a hankali. In sun ƙi miƙewa sai an sunkuyar da wuyan hannun, to tsokar sangali ta taɓu, kada ki jira ranar layi.

In kina kusa da Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ne wurinsa, in kuma da nisa, duk asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke da sashen ƙashi ta wadatar. Ki tafi da mahaifinsa, in Hajiya za ta yarda ku je da ita ta ga hoton da idonta ya fi. Ki gaya wa likita ainihin ranar faɗuwar, da yawan murzar da aka yi, kada ki ɓoye ɗorin don tsoron faɗa. Kafin nan ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa in yana jin zafi, ki bar shi ya motsa hannun iya inda ya ga dama, kowa ya cire hannunsa daga kai.