Ina karatu har tsakar dare amma ba ya zama

Ƙanena, ka ce kana ajin ƙarshe na sakandare, kana raba dare da littafi, amma da an raba takardar jarrabawa sai kai ya ɗauke wuta. Ni ma na sha wannan.

Karatun kana yi, salon ne da gyara. Tuna yadda muke hadda a Islamiyya: ka karanta, ka rufe, ka kawo da ka, gobe ka maimaita. Haka za ka yi wa Bayoloji. Karanta shafi biyu, rufe littafin, rubuta abin da ka tuna, sannan ka duba inda ka yi tuntuɓe. Ka waiwaye shi bayan kwana uku, sai kuma bayan mako.

Tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB, amsa su da agogo a gabanka, ban da leƙen amsa.

Kwanan zaune da shayi ana gobe jarrabawa shi ya kayar da ni a lissafi, barci ne ke zaunar da karatu. Wayar kuwa, ba Umma ajiya.

In ba ka ganin allo sosai, ko kai na yawan ciwo, je asibiti a duba idonka. Darasin da ya ƙi shiga kuma, tari malaminsa tun yanzu.